Me ke rikita bugun zuciya bayan jijiyarta ta toshe?

Mahamadu, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina. Mahaifina yana da shekara 61, fataucin albasa yake yi. Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa buhu, zufa ta keto masa, hannunsa na hagu ya mutu. Muka kai shi likita, aka yi masa gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a layi, aka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya ce ta toshe. Da asuba muka kama hanyar Yamai ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 500.

Abin da ya ɗaure mini kai ya faru ne a rana ta biyu. Ciwon ya lafa, har ya sha kunu ya tambaye ni labarin kayan da ya bari a rumfa, sai na'urar da ke bisa kansa ta fara kuka. Na ga layin ya daina fitar da ƙananan tsinin nan da na saba gani, ya koma yana zana wasu manya masu faɗi, biyar ko shida a jere, sannan ya dawo daidai. Haka ya yi ta yi har dare. Likitoci suka duba, suka ɗebi jini, suka ƙara wani abu a cikin ruwan da ake saka masa, suka ce mu kwantar da hankali. Yanzu muna gida, amma yakan ce yana jin zuciyarsa ta tsallake bugu ɗaya kamar ta faɗa rami. Wani abokinsa na kasuwa ya ce akwai maganin da ke daidaita bugu, amiyodaron, a je farmasi a saya kawai. Me ya sa rikicin ya taso bayan ciwon ya wuce? Kuma mu sayi maganin nan ko mu bari?

Nana, Yamai:
Wa alaikumus salam Yaya Mahamadu, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Ni ɗaliba ce a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, saboda haka maganar magani na bar wa manya, amma zan iya shimfiɗa yadda bugu yake tafiya a zuciya mai lafiya. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyi na musamman, shi ne mai ba da umarni, yana kunna kansa sau 60 zuwa 100 a minti. Saƙon yakan bazu a ɗakunan sama, ya isa ƙulli na biyu da ke tsakiya, inda ake tsayar da shi kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa domin ɗakunan ƙasa su cika da jini. Daga nan ya bi wata igiya da ta rabu reshe biyu, dama da hagu, ta ƙare da wasu zaruruwa da suka shimfiɗu a bangon ciki na ɗakunan ƙasa kamar saiwar gero. Su ake kira zaruruwan Purkinje, da sunan wani masani ɗan ƙasar Cek da ya fara ganin su a zuciyar tunkiya a 1839, ko da yake sai a 1906 wani Bajapane mai suna Tawara, yana aiki a Jamus, ya nuna cewa su ne hanyar saƙon.

A cikin waɗannan zaruruwa saƙo yana gudun mita 2 zuwa 4 a daƙiƙa, alhali a cikin naman zuciya na yau da kullum bai cika wuce rabin mita ba. Wannan saurin ne ke sa ɗakunan ƙasa su matse gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda yake son ya gani da idonsa, in Allah ya kai mu babbar Sallah, ya tsaga zuciyar ragon layya ta gefen dama, zai ga wata siririyar igiyar nama ta ƙetare ɗakin daga wannan bango zuwa wancan. Reshen dama na hanyar saƙon yana bi ta cikinta.

Laminu mai gyaran wuta, Yamai:
Ƙanwata, ni aikina kenan, shekara ashirin ina ja wa mutane waya a gidaje. Idan na fahimce ki, zaruruwan nan wayoyi ne, ƙullin sama kuma shi ne injin. To, a wajenmu idan waya ta ƙone sai kura ta ɗauke, ba ta ƙaruwa. Ta yaya wayar da ta lalace za ta riƙa haifar da bugu na ƙari?

Nana, Yamai:
Kawu Laminu, a nan ne misalin waya ya gaza. Waya tana ɗaukar wutar da aka ba ta ne kawai, amma kowace ƙwayar zuciya ƙaramin batir ce mai cajin kanta. Idan tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 90, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na batirin tocila ba. Wannan bambanci yana samuwa ne daga gishirin jini: potasiyam ya fi yawa a ciki, sodiyam da kalsiyam sun fi yawa a waje. Idan saƙo ya iso, ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwararo ciki, kalsiyam ya biyo baya ya sa naman ya matse, potasiyam ya fita ya mayar da ƙwayar yadda take, ita kuma ta kunna maƙwabciyarta. Misalin da ya fi kusa shi ne wutar daji a busasshiyar ciyawa: kowane wuri yana kunna na gaba da shi, kuma inda ta ci ba ya sake kamawa sai ciyawa ta tofo. Bambancin kawai shi ne a zuciya tofowar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ƙari a kan haka, zaruruwan Purkinje suna iya kunna kansu sau 20 zuwa 40 a minti, amma ƙullin sama yakan riga su, shi ya sa ba a jin muryarsu.

Dokta Hadiza, Yamai:
Nana ta shimfiɗa tabarma da kyau, bari in zauna a kai. Malam Mahamadu, ban ga mahaifinka ba, ban ga takardunsa ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya. Rikicin bugu bayan toshewar jijiya ba iri ɗaya ba ne, yana sauya kama gwargwadon lokacin da ya wuce, kuma kowane mataki da dalilinsa.

A cikin rabin awa na farko, naman da jini ya yanke masa bai mutu ba tukuna, yana shaƙewa ne. Ƙarfinsa ya ƙare, potasiyam ya zube waje ya taru tunda babu jinin da zai wanke shi, tsami ya yi yawa, ƙofofin sodiyam su yi nauyi, saƙo ya riƙa jan ƙafa a wannan yanki alhali yana gudu a yankin da ke kusa. Bayan kamar minti goma sha biyar, ƙananan ƙofofin da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya su ma su fara rufewa. A wannan hali saƙon yana iya tsagewa ya riƙa kewaya kansa, ɗakunan ƙasa su daina matsewa su koma karkarwa, jini ya tsaya. Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa su cika kafin a kai su asibiti wannan ne ke ɗaukar su. Mahaifinka ya tsallake wannan mataki tun a Tawa, sai mu gode wa Allah.

Abin da ka gani a rana ta biyu wani abu ne dabam, kuma a nan ne amsar Malam Laminu take. Idan naman wani yanki ya mutu, zaruruwan Purkinje da ke shimfiɗe a bangon ciki sau da yawa sukan tsira, domin suna jiƙe da jinin da ke cikin ɗakin suna tsotsar iska daga gare shi, suna da ajiyar sukari mai yawa, kuma ba sa aikin matsewa mai cin ƙarfi. Sun tsira, amma ba su da lafiya. Cajinsu na hutu ya ragu, kalsiyam ya taru a cikinsu, sai su riƙa kunna kansu da sauri fiye da yadda aka halicce su, har su riga ƙullin sama. Tun a 1950 wani masani mai suna Harris ya nuna a jikin karnuka cewa bayan an ɗaure jijiyar zuciya, rikicin farko yakan lafa na ƴan awoyi, sannan wani ya taso ya yi tsanani wajen kwana ɗaya, ya kwanta cikin kwana biyu zuwa uku. A 1973 masu bincike a Amurka suka soka ƙananan allurai masu auna wuta cikin ƙwayoyin, suka gano cewa daga zaruruwan da suka tsira ne yake fitowa. Layin yana yin faɗi ne saboda bugun ya taso daga ƙasa, bai bi babbar hanya ba, ya ratsa nama a hankali. Irin waɗannan gajerun jerin a cikin awa 48 na farko muna sa musu ido, mu gyara potasiyam da magneziyam, mu ba da beta-bloka, wato maganin da ke rage gudun zuciya, idan jikin zai ɗauka, kuma galibi suna wucewa da kansu.

Majo Isufu, Tawa:
Dokta, ina girmama iliminki, amma a bar ni in faɗi abin da na gani. Na yi shekara talatin ina aikin jinya kafin in yi ritaya. A zamaninmu, duk wanda aka kawo da wannan ciwo, da mun ga bugun nan masu faɗi sai mu ɗaura masa maganin daidaita bugu mai suna lidokayin, kuma wallahi a gaban idona layin yake miƙewa. Ba labari aka ba ni ba. Yanzu a ce a zuba wa bugun da ya karkace ido, ga magani a hannu, wannan ya yi mini nauyi. Mutumin nan yana gida yana jin zuciyarsa tana faɗawa rami, hankalin iyalinsa a tashe. Me zai hana a ba shi abin da zai daidaita ta?

Dokta Hadiza, Yamai:
Baba Majo, abin da ka gani gaskiya ne, layin yana miƙewa, kuma manyan likitocin duniya sun yi shekaru suna tunani kamar yadda ka yi. Hujjar tana da kyau a kunne: masu yawan bugun ƙari bayan toshewar jijiya sun fi mutuwar farat ɗaya, ga magani yana kashe bugun ƙari, to ai maganin zai hana mutuwa. Sai aka gwada. A wani babban gwaji da ake kira CAST a Amurka, an ɗauki mutanen da suka yi wannan ciwo kuma suke da bugun ƙari, aka tabbatar maganin yana kwantar musu da shi, sannan aka raba su biyu, wasu aka ba su enkayinid ko flekayinid, wasu aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. A 1989 aka dakatar da magungunan biyu kafin lokaci, domin mutuwa a cikin masu shan su ta ninka ta ɗaya rukunin fiye da sau biyu. Layin bugunsu ya yi kyau, su kuma suna mutuwa.

Dalilin yana cikin abin da Nana ta faɗa. Waɗannan magunguna suna toshe ƙofofin sodiyam ne, suna rage gudun saƙo. A zuciyar da ta riga ta sami yanki mai jan ƙafa, ƙara rage gudu yana buɗe wa saƙo hanyar kewaya kansa. Lidokayin ma da aka tattara gwaje-gwajensa, an ga yana rage karkarwa amma bai rage mutuwa ba, kuma yana iya sa zuciya ta yi sanyi ta tsaya, shi ya sa aka daina ba kowa da kowa, aka bar shi ga wanda ya shiga rikici na gaske. Amiyodaron kuwa magani ne mai amfani a hannun likita, ni ma ina rubuta shi, amma gwaje-gwaje ba su nuna yana ƙara wa irin waɗannan majinyata tsawon rai ba idan an ba su don rigakafi. Yana taɓa huhu da hanta da idanu da ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, yana daɗewa a jiki makonni bayan an daina, kuma idan ya haɗu da beta-bloka yana iya sa bugu ya yi ƙasa sosai. Malam Mahamadu, don Allah kada ku saya.

Majo Isufu, Tawa:
Na ji, ƴata, kuma ban san da wannan gwaji ba. Amma har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin asibitin da ke da na'urar girgiza zuciya a kowane gado da wurin da babu. Mu da muke ba da lidokayin, ba mu da abin da za mu yi idan mutum ya faɗa karkarwa. Wannan ne ya sa muke rigan ta.

Dokta Hadiza, Yamai:
Wannan damuwa ce ta gaskiya, Baba, kuma ba zan raina ta ba. Sai dai abin da ta nuna mini shi ne a nemi na'urar a koya wa ma'aikata amfani da ita, domin karkarwar ɗakunan ƙasa ba abin da ke tsayar da ita kamar girgizar wuta, kuma kowane minti da aka yi asara ba tare da danna ƙirji ba yana rage damar tsira da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Hajiya Zainabu, Yamai:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi wannan ciwo, ya warke, ya koma aikinsa, har ya yi ƙiba. Bayan shekara ɗaya da wata huɗu, wata ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, ya zauna a kan tabarma yana cire agogo, ya ce mini kansa na juyawa, sai ya kife. Muka yayyafa masa ruwa, muka yi ta fifita, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na san ajali ne, na karɓa, amma tun daga ranar nake son in san abin da ya faru a cikin ƙirjinsa. Sau biyu kafin nan ya taɓa suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, muka ce zafin rana ne. Kuma maganinsa ya yi wata biyu da ƙarewa bai sake saya ba, don ya ce ya ji sauƙi. Dokta, idan zaruruwan nan suna kwantawa cikin kwana uku, me ya tashi bayan shekara?

Dokta Hadiza, Yamai:
Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya ba ki haƙuri. Ba zan iya yanke hukunci a kan abin da ya faru da shi ba, amma yadda kika siffanta ya yi kama da mataki na uku. Naman da ya mutu yakan zama tabo cikin makonni, kuma tabo ba ya ɗaukar saƙo. Sai dai tabon ba ya zama sumul, a cikinsa da gefensa akan sami siraran hanyoyin nama mai rai da suka karkace kamar lungunan tsohuwar unguwa. Idan wani bugun ƙari ya zo a daidai lokacin da bai kamata ba, saƙo ya shiga lungun yana tafiya a hankali, kafin ya fito ta ɗaya bakin naman waje ya riga ya huce, sai ya sake kunna shi, ya dawo ya sake shiga. Zuciya ta kama gudu 150 zuwa sama da 200 a minti, ba ta samun cika, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Idan kewayen ya katse da kansa mutum ya farfaɗo, shi ne suman da kuka gani. Idan bai katse ba ya rikiɗe ya zama karkarwa. Tabon yana nan har abada, shi ya sa hatsarin ba ya ƙarewa da jin sauƙi.

Kada ki ɗora wa kanki laifi, babu wanda ya gaya muku cewa suma ga mai tabon zuciya gargaɗi ne babba. Abin da ya fi nuna mana wanda ke cikin hatsari shi ne ƙarfin turawar zuciya da ake aunawa da eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura. Mai lafiya yakan tura fiye da rabin jinin da ke ɗakin hagu a kowane bugu. Wanda nasa ya tsaya a kashi 35 cikin ɗari ko ƙasa, bayan an ba shi magani yadda ya kamata kuma an jira aƙalla kwana 40, shi ake tunanin dasa wa ƙaramar na'urar da ke girgiza zuciya daga ciki, wadda aka fara saka wa mutum a Baltimo ta Amurka a 1980. Ana jira ne saboda zuciya takan farfaɗo, kuma gwaji ya nuna dasawa da wuri bai rage mutuwa ba. Na san tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Amma beta-bloka, wanda aka tabbatar yana rage mutuwar farat ɗaya, yana cikin magungunan da talaka ke iya saya, kuma dainawa kwatsam tana da hatsari.

Nana, Yamai:
Dokta, malaminmu ya ce ko a wannan mataki zaruruwan Purkinje na gefen tabo sukan zama masu tayar da bugun farko, kuma tawagar Farfesa Haïssaguerre a Bordo ta Faransa ta nuna tun 2002 cewa ana iya bin jijiya da siririyar waya a ƙone wurin da bugun ke tasowa. Haka ne?

Dokta Hadiza, Yamai:
Haka ne, sun fara da masu karkarwar da ba a ga tabo a zuciyarsu ba, daga baya wasu suka yi wa masu tabo. Aiki ne na cibiyoyi ƙalilan, ga wanda rikicin ke ta maimaituwa.

Mahamadu, Tawa:
Hajiya, Allah ya gafarta masa. Labarinki ya sa na tashi na ɗauko jakar takardun Baba. A takardar eko an rubuta 45. A odonansi, wato takardar magani, akwai aspirin, klopidogrel, atorbastatin, bisoprolol, ramipril da furosemid. Bai taɓa suma ba. Amma zafi ya fara a nan, yana zufa sosai, kuma jiya ya ce in zazzaɓi ya kama shi kinin zai sha kamar yadda ya saba. Ya kuma fara maganar ramuwar azumin da ake bin sa.

Dokta Hadiza, Yamai:
45 ba ta cikin rukunin da na ambata, kuma tana iya ƙaruwa, amma a maimaita eko idan lokacin da aka ba ku ya yi. Bisoprolol shi ne beta-blokan, kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Furosemid yana fitar da potasiyam ta fitsari, ramipril kuma yana riƙe shi, ga zufa, don haka ba a yin hasashe: a auna potasiyam da aikin ƙoda a wannan makon, kuma kada a sayi ƙarin potasiyam ba da umarni ba, domin yawansa ma yana tsayar da zuciya. Idan gudawa ko amai suka kama shi, a kai shi a ranar. Kinin yana cikin magungunan da ke tsawaita lokacin hucewar ƙwayoyin zuciya, saboda haka in zazzaɓi ya zo a yi gwaji, a nuna wa mai duba shi odonansin nan kafin a zaɓi magani. Azumi kuma ya jira izinin likitansa. Game da faɗawa ramin da yake ji, yawanci bugun ƙari ne ya zo da wuri, zuciya ta ɗan dakata, na gaba ya zo da ƙarfi. A nemi a ɗaura masa na'urar da ke naɗar bugu na awa 24 a ga yawansa da irinsa. Idan kuwa ya suma, ko gudun ya ɗore, ko ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi suka dawo, ba a jiran safiya.

Majo Isufu, Tawa:
Mahamadu ɗana, tunda gari ɗaya muke, ka tara mini matasan gidanku ranar Asabar bayan la'asar, in nuna muku danna ƙirji. Idan mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, ba ruwa ake zuba masa ba, ba a ɗura masa komai. A kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman mota, kuma ba a dainawa ko a cikin motar. Zan zo da matashin kai da nake koyarwa da shi.

Hajiya Zainabu, Yamai:
Baba Majo, idan za a iya ɗaukar hoton bidiyo a saka a nan, ina so ƴaƴana su gani. Babban yana da hawan jini kamar mahaifinsa.

Mahamadu, Tawa:
Za mu ɗauka, Hajiya, in sha Allah. Baba Majo, muna jiranka Asabar. Gobe da safe zan kai Baba a ɗebi jinin, kuma na riga na gaya wa abokin nasa cewa ba za mu sayi maganin ba.